Ƙarfe Sha Ɗaya Saura Minti Ashirin

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan la'asar

An dakatar da Tabita daga aiki. Uwarta Ruth ce ta shigo ta gaya mini, ko kayan coci ba ta tuɓe ba, ta zauna a bakin tabarmata tana murza gefen ɗankwali. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu a nan Runjin Sambo, tun mijinta Malam Yohanna yana koyarwa a firamare, ban taɓa ganin ta shigo ba sallama ba sai yau.

Ga abin da ya faru, yadda ta faɗa. Ranar Litinin da ta wuce an kwantar da wata mai tsohon ciki, sunanta Mariyatu, a asibitin kuɗin da Tabita ke aikin nas. Likita ya ce a riƙa auna jininta duk bayan awa ɗaya. Da la'asar jijjiga ta kama ta. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Dangin mijin suka tayar da hankali, Likita ya sa aka buga takardar awon daga kwamfuta. Awo shida ne, daga sha ɗaya zuwa huɗu, amma duk shidan lokaci ɗaya ke jikinsu: ƙarfe sha ɗaya saura minti ashirin na safe. Ma'ana Tabita ta zauna ta cike su gaba ɗaya tun matar ba ta gama kwanciya ba, ta tafi harkar gabanta. Kwamiti zai zauna ranar ashirin ga wata. In sun tabbatar, za a kai sunanta gaba a karɓe lasisinta.

Ruth ta ce, "Maman Hindu, yarinyar nan ta dafa Littafi ta rantse mini. Ta ce kowace awa ta je."

Na ce mata rantsuwa ba ta da nauyi a bakin yaran yanzu. Na ce na'ura ba ta da ƙawa, ba ta da maƙiyi, abin da aka yi shi take rubutawa. Na ce in ɗiyarki ta yi sakaci da ran mutum, kuka ba zai gyara ba, ki zaunar da ita ta faɗi gaskiya ta nemi gafara. Na faɗi wasu abubuwan ma game da wayar da ba ta barin hannun Tabita. Ruth ta tashi ba ta sha ruwan da na kawo mata ba.

Ban ga laifina ba. Da na lallashe ta da ƙarya, da ban yi mata maƙwabtaka ba.

Litinin, 6 ga Mayu, da hantsi

Manhajar da asibitin ke aiki da ita, ɗiyata Hindu ce ta rubuta ta. Na yi alfahari da hakan bara, ban ga dalilin ɓoye shi bana ba. Kamfaninsu yana Sama Road, ɗaki biyu ne a saman bene. Jamilu ke da shi, shi ke yawon neman asibitoci da bakinsa mai zaƙi, ita ke zaman rubutun har idonta ya yi ja.

Shawarar lokacin ma tawa ce. Shekara ashirin da shida na riƙe littafin sa hannu a ofishin makarantar 'yan mata, na san abin da ɗan Adam ke yi in an ba shi biro da gurbin lokaci. Malama za ta shigo tara da rabi ta rubuta takwas saura biyar tana kallon cikin idona, ta kuma shiga aji ta koyar da tarbiyya. Da Hindu ta nuna mini fom ɗin da ma'aikatan jinya za su riƙa cikewa, na ce mata kada ki bar musu gurbin nan. Ki sa na'urar ta cike shi da kanta, su ko taɓa shi kada su iya. Ta yi dariya ta ce, "Inna, ke ya kamata Jamilu ya ɗauka aiki, ba ni ba."

To ga shi ya yi amfani.

Zafi ya yi yawa. Na share tsakar gida sau biyu, ba don ta yi datti ba.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan azahar

Hindu ta je asibitin da safe, wai Likita ya kira a duba kwamfutar kafin zaman kwamiti. Ta dawo tun kafin azahar ta shige ɗaki. Abincinta na nan a rufe.

Laraba, bayan magariba

Har yanzu yana nan a rufe. Na gaya mata ta bayan ƙofa cewa a gidana ba a wulaƙanta abinci don an ɓata wa mutum rai a waje. Ta ce to, Inna. Ba ta fito ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Ta fito da kwamfutarta ta ajiye a gabana kamar ni zan karanta. Ta ce, "Inna, zauna ki ji." Na ce a zaune nake.

Zan rubuta yadda na fahimta, kuma na fahimta, don sau uku na sa ta maimaita. Bayanan asibitin a cikin tebur suke, irin littafina na da: layuka a kwance, gurabe a tsaye. Gurbin suna, gurbin awo, gurbin lokaci. A cikin kayan aikin da take gina manhajar da shi, wai Jango sunansa, akwai inda ake gaya wa kowane gurbi abin da zai ɗauka in ba a rubuta masa komai ba. Gurbin lokaci, abin da ya kamata ta ce masa shi ne, duk sanda aka buɗe sabon layi, dubi agogo ka rubuta. Ita kuwa abin da ta rubuta ya zama, dubi agogo yanzu. Sai na'urar ta dubi agogo sau ɗaya tak, lokacin da aka kunna ta, ta riƙe wannan lokacin tana manna wa duk layin da ya zo, har sai an kashe ta an sake kunnawa. Ta nuna mini wurin da ɗan yatsa. Layi ɗaya ne, bai kai tsawon sunana da na ubana ba.

Na ce to shekara guda ana aiki da abu, sai yanzu?

Ta ce, "Ɗauke wuta ne ya rufa mini asiri, Inna. Sau biyar sau shida a rana wuta na tafiya, a tada janareta, kwamfutar ta mutu ta tashi. Duk tashi sai ta dubi agogo sabo, lokutan su fito daban-daban, ba wanda ya lura ba daidai suke ba. Kuma lokacin ba ya fitowa a fuskar kwamfutar, sai an buga takarda. Ranar Litinin ɗin da anka kwantar da Mariyatu sunka gama haɗa sola, anka kunna ta sha ɗaya saura ashirin. Ba ta sake mutuwa ba sai jiya da na gyara."

Kwana tara ke nan. Duk abin da aka rubuta a asibitin cikin kwana taran, na nas, na mai ba da magani, na Likita da kansa, lokaci ɗaya ke jikinsa. Takardar Mariyatu kaɗai aka buga.

Na ce ta yiwu kuma Tabita ta yi sakacin.

"Ta yiwu. Amma takardar nan ba ta nuna haka ba. Ba abin da ta nuna sai kuskurena."

Na ce tunda kin gyara ai shi ke nan. Ta ce gyaran na layukan da za su zo ne. Waɗanda aka riga aka rubuta suna nan yadda suke, lokacinsu na gaskiya kuwa ya tafi, ba inda aka ajiye shi. Jiya ta ce wa Likita tana kan dubawa, ta gudo gida. Ta ce gobe za ta koma ta gaya masa.

Mun yi magana. Na faɗa mata abin da na faɗa mata. Ta rufe kwamfutar a hankali ta shiga ɗaki.

Juma'a, 10 ga Mayu, da safe

Ba ta je ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Dangin mijin Mariyatu ba ƙananan mutane ba ne, kuma an ce sun yi alkawarin sai sun ga wanda ya jawo. Hindu shekararta ashirin da biyar. Ubanta Malam Zayyanu ya rasu bai bar mana gona ba, bai bar mana shago ba, suna mai tsabta ya bar mana, ni kuma na riƙe shi shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ɗiga masa komai. A garin nan mace mai aikin kwamfuta tuni ana kallonta ta gefen ido. In aka ce ita ce na'urarta ta kashe ɗan mutane, wa zai tsaya jin bayanin layi da gurbi? Matan unguwar nan da ba su san bambancin agogon hannu da na bango ba?

Kuma ba ita ta kashe ba. Kuma ba wanda ya tambaye ta. Mutumin da ba a tambaya ba bai yi ƙarya ba.

Tabita kuwa da gaske wayar ba ta barin hannunta. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Asabar, 11 ga Mayu, da hantsi

Jamilu ya zo da ledar mangwaro. Hindu ta gaya masa a waya tun Laraba. Ya durƙusa a zaure ya jero gaisuwa kamar mutumin kirki, ina kwana, ina gajiya, ya zafi, ya ibada. Hindu na tsaye bayan labule.

Ya ce, "Inna, asibiti huɗu muna magana da su. In wagga magana ta fita, kowa sai ya janye. Abin da nike so kawai, ta shiga ta daidaita lokutan sauran takardun, a rarraba su, wanga safe, wanga rana. Aikin rabin awa ne. Da na iya da ban dame ku ba."

Na ce ta Mariyatu fa?

"Wagga an riga an buga ta, ba ta taɓuwa."

Hindu ta ce daga bayan labulen, "Oga, in na rarraba na kowa na bar wannan, Tabita kaɗai ke nan za ta saura."

Ya ce, "Ke dai ilimi gare ki, dabara babu."

Ta ɗaga labulen ta dube ni. "Inna, shiru kinka ce in yi, na yi. Wanga ba shiru ba ne."

Nan na juya kan Jamilu. Na tambaye shi ko gidan marayu ya ga ya dace ya zo koyar da jabu. Na tambaye shi wa ya haife shi, kuma ko sun san irin askin da ke kansa. Na gaya masa Allah yana da littafin da ba a shiga a rarraba lokutansa. Ya yi ta ba da haƙuri har ya fita da baya, takalmi ɗaya a hannu.

Na ji daɗin wa'azin nan har wajen azahar. Daga nan ya sake ni.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Matan cocin su Ruth sun zo yi wa Tabita addu'a. Suna waƙa ƙasa-ƙasa. Na janye tabarmata zuwa gindin dalbejiya, har can ana ji. Na koma ɗaki, fanka ba ta rufe muryar ba.

Duk ranar da Ruth ta yi baƙi ina aika mata zoɓo, ita ma ranar sunan jikokin yayana Hayatu ita ta tsaya a kan tukunya. Na haɗa zoɓon tun azahar, har da kanumfari. Na ce Hindu ta miƙa. Ta ce, "Inna, ba ni iya shiga gidan." Na ce rashin kunya ne a aiki yarinya ta ce ba ta iyawa. Ta miƙe za ta ɗauka. Na ce bar shi.

Yana cikin firij.

Talata, 14 ga Mayu, da hantsi

Tabita ta shigo. Ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ta durƙusa ta gaishe ni, Mama ina kwana, kamar kullum. Ita da Hindu tare suka tashi, hanya ɗaya suka bi zuwa makaranta shekara shida, har yau ita ke kiran Hindu Injiniya, Hindu na kiran ta Allura.

Ta ce, "Injiniya, tambaya ɗaya na zo yi, ba don in ɗora miki komai ba. Kwamfutar nan tana iya kuskuren lokaci? Don ni na fara tunanin ko kaina ne ya taɓu. Ina tuna awon ƙarfe biyu sarai. Matar har ta ce mini hannuna da sanyi, na ce mata ruwan randa na taɓa."

Hindu ta dube ni.

Ni na amsa. Na ce Hindu kwana biyu ba ta jin daɗi, kanta ke ciwo. Na ce magana tana gaban kwamiti, bai kamata a yi ta a tsakar gida ba. Na ce ta dage da addu'a, kowa abin da ya yi zai gani.

Ta ce, "Haka ne, Mama. Ku yi haƙuri na dame ku. Injiniya, ki sha magani."

Da ta fita Hindu ta shiga bayi, na ji tana amai.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ƙarya ko guda.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan azahar

Na sake bin su.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Na hau keke zuwa Ƙofar Dundaye wurin Yaya Hayatu. Na same shi a zaure ya sallami masu karatu, yana gyara ƙafar tabarau da zare. Bayan gaisuwa na ce wata mata ce ta aiko ni da tambaya.

Ya ce, "Awo, na ji. Matan da ka aiko ki da tambaya, Sadiyatu, tun kina ƙarama ba su ƙarewa."

Ban yi dariya ba. Na ce ɗiyarta ce ta yi kuskure wurin aiki, ba da gangan ba. An ɗora wa wata. Ba wanda ya tambayi ɗiyar. Shin shirunta laifi ne?

"Ɗiyar na son faɗi?"

Na ce tana so.

"To mi ya hana ta?"

Na ce uwar ta ɗaure ta da magana.

Ya ajiye tabarau. Ya ce, "Wagga mata taki, in ɗiyar ta bi ta, nauyin shirun a kan uwar shike, ɗiyar ta kwashi baƙin ciki. In ta saɓa mata, ta yi daidai, amma har ta mutu tana tsoron bakin uwarta. Ko ta ina anka bi, uwar ta cuci ɗiyarta. Wadda anka ɗora wa ma ban zo kanta ba tukuna."

Na ce wadda aka ɗora wa ba Musulma ba ce.

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ruth ce ta riƙe kaina ranar da aka fita da Malam Zayyanu. Yaya ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Wa ya koya miki wanga? Ba gidanmu ba."

Na tashi. Ina sa takalmi ya ce, "Ki ce da matar nan ina gaishe ta. Ki gaida mini Hindu, ki ce ta ci abinci."

Tsufa ya fara sa Yaya yawan magana. Mai keken da ya dawo da ni kuma ya cika kiɗa, na sa shi ya kashe, na gaya masa abin da ya dace.

Asabar, 18 ga Mayu, da safe

Tabita ta wanke fararen kayan aikinta duka uku ta shanya a kan katangarmu. Hannun riga ɗaya ya faɗo ta ɓangarena. Na ji Malam Yohanna yana waya, wai bayan kwamiti zai kai ta garinsu can kudancin Kaduna ta zauna wurin gwaggonta. Garin da ba ta taɓa zama ba sai hutu. A nan aka haife ta, Sakkwatancinta ya fi nawa kauri.

Hindu tana sallarta a kan lokaci. Tana durƙusawa ta gaishe ni da safe. In na tsaya a kanta tana cin cokali biyu. Ba ta yi mini gardama ko sau ɗaya ba. Da ta yi, da na san abin yi, don na iya da mai gardama. Ni na rene ta a kan cewa maganar uwa ba a tsallake ta, kuma ni na rene ta a kan cewa ba a kwana da haƙƙin mutum. Ban taɓa tunanin ranar da biyun za su tsaya a ƙofa ɗaya ba.

Na ninke kayan wanki, na warware, na sake ninkewa.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Zan rubuta, tunda littafin nawa ne.

Ranar Alhamis ɗin can, tara ga wata, abin da na ce wa Hindu shi ne, in kika taka ƙofar asibitin nan da wannan magana, ban yafe miki nonon da kika sha ba. Na dafa ƙirjina na faɗa. Sau biyu.

Mu tara Innarmu ta haifa, ba ta taɓa faɗa wa ɗayanmu wannan ba, ko Muntari da ya sa ta kuka fiye da sauran takwas. Na sha tsawata wa mata a gidan biki a kan faɗin sa.

Gobe ƙarfe goma.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe takwas da rabi

Ta gaishe ni ta koma ɗaki. Na ji ƙofar su Ruth ta buɗe, na ji Malam Yohanna yana tsayar da keke. Su uku suka tafi.

Litinin, ƙarfe tara

Na ɗora ruwa, na sauke. Na sake ɗorawa.

Litinin, bayan la'asar

Tara da minti ashirin na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce, Hindu, tashi ki sa hijabi. Na tura ƙofar. Tana zaune a bakin gado da hijabinta, da takalmi a ƙafa, jakar kwamfutar a kan cinyarta. Ban san tun yaushe ba.

Ta ce, "Inna, sai kin warware."

Na ce ai na ce ki tashi.

"Da baki kinka ɗaure, Inna."

Na yi wa mutane magana a taro, na yi wa shugabar makaranta magana a gaban sufeto, ban taɓa jin harshena ya yi nauyi kamar yau ba. Na dafa ƙirjina inda na dafa ranar nan. Na ce na janye. Na yafe miki duniya da lahira, je ki ki faɗi. Ta ce in sake. Na sake, tunda sau biyu na ɗaure.

Na bi ta. Keken ya maƙale a bayan motar yashi, mun isa goma da rabi ta kusa. Wata sakatariya ta ce ba a shiga, na yi mata muryar ofis, ta matsa.

Mutum biyar ne a bayan tebur. Likita, da wan mijin Mariyatu, da wata dattijuwar nas da ta yi ritaya, ita ke jan zaman, da wasu biyu. Tabita na tsaye da wata takarda a ninke a hannunta. Hindu ta gaishe su ta faɗi sunanta, ta ce ita ta rubuta manhajar. Ba ta yi bayanin layi da gurbi ba. Ta ce, "Ku zaɓi takardar kowane mara lafiya daga ashirin da tara ga Afrilu zuwa takwas ga wannan wata, a buga."

Dattijuwar ta zaɓi ɗaya. Aka buga. Ta zaɓi ta wani yaro da aka kwantar ranar Asabar. Aka buga, ita ma Litinin, sha ɗaya saura minti ashirin. Ta cire tabarau ta ce, "A buga mini abin da Likita ya rubuta da hannunsa a makon." Likita ya ce ba sai an yi ba. Ta ce a buga.

Wan mijin ya miƙe ya nuna Hindu. "To ke ce ke nan."

Ta ce, "Kuskuren lokacin nawa ne, Alhaji. Abin da ya sami ɗanku ban sani ba, takardar nan ma ba ta sani ba. Allah ya ba ku haƙuri."

Ya faɗi maganganu. Ba zan rubuta su ba. Mutumin da ya binne jariri ne.

Dattijuwar ta tambayi Hindu yaushe ta gano. Ta ce takwas ga wata.

"Kwana goma sha biyu kina kallon yarinyar nan?"

Hindu ta ce e. Ba ta waiwayo ni ba. Ina zaune a kan benci da bakina, ban buɗe shi ba.

Sun janye zargin cike takarda. Za su tambayi Mariyatu da matan da suka kwanta a ɗakin ko Tabita ta riƙa zuwa, abin da ba wanda ya yi tunanin yi tun farko, tunda akwai na'ura. Tabita za ta koma aiki mako mai zuwa. Kafin mu iso gida Jamilu ya turo saƙo, kada Hindu ta je ofis sai ya neme ta. Ba zai neme ta ba.

Ta ci faranti biyu. Yanzu tana barci da rana tsaka, abin da ba na yarda da shi. Na bar ta.

Talata, 21 ga Mayu, da hantsi

Na yi sallama sau uku kafin a amsa. Ruth na tsakar gida tana tsince wake. Ta ce, "Maman Hindu." Ba ta shimfiɗa mini tabarma ba.

Na ce na zo a kan kwana goma sha biyun ne. Na ce ba Hindu ba ce. Ta gaya mini ranar Alhamis tara ga wata, ta ce gobe za ta je, ni na ɗaure ta da nonona.

Ta daina tsintar. "Ranar da Tabita ta shiga gidanku ta yi tambaya, kin sani?"

Na ce na sani.

Ta ce, "Ranar ta dawo ta ce mini, Mama, ina jin ni ce na yi, mantawa na yi. Tunda Injiniya ba ta ce komai ba, ni ce. Takardar da kika gani a hannunta jiya, ta amsa laifi ce. Ta riga ta sa hannu. Da kun ƙara minti biyar a hanya, da ta miƙa."

Na nemi abin faɗa. Shekara hamsin da takwas ban taɓa rasa shi ba.

Ruth ta zuba waken a kwano ta kakkaɓe zaninta. Ta ce, "Hindu ta shigo duk sanda take so, gidansu ne. Ke kam ki ba ni lokaci."

Na ce har yaushe?

Ta ce in ta sani za ta aiko.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Ba ta aiko ba. Hindu tana can tun azahar, ina jin muryarsu ita da Tabita ƙasa-ƙasa, sau ɗaya ma har da dariya. Na bar ƙofar zaure a buɗe.